Ƙarfe da Sanyinsa, Diyod a Ƙone: Yadda Aka Sanyaya Lezar Zanen Fata a Wani Shago na Yamai

Ƙanena ya kira ni gab da azahar, a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da Yamai ke tafasa har kwalta tana laushi. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, diyod ɗin leza ta biyun ma ta mutu. Kuma wallahi ƙarfen da sanyinsa, da hannuna na taɓa shi." Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa na rufe teburina na hau moto. A wurinsa, sanyin ƙarfen shaida ce cewa ba zafi ne ya yi kisan ba, kayan ne kawai na jabu. Ni kuwa na daɗe ina gyaran talabijin da amfilifaya, na san cewa ƙarfen da aka ɗora wa aikin kwashe zafi, in aka same shi da sanyi alhali wuta tana ci, to a nemi inda zafin ya maƙale.

Shagonsa na gyaran kwamfuta yana Bukoki, ba nisa da kasuwar Katako. Tun da waya ta cinye kasuwar kwamfutar tebur aiki ya ja baya, sai gawarwakin tsofaffin injuna da suka taru a bayan shagon, masu su ba su dawo ba. Ana cikin haka wani baduku, ɗan garinmu Tawa, mai kai kaya ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, ya kawo masa kukansa. Masu shirya taro suna ba shi odar jakunkuna da maƙalan mabuɗi ɗari ko ɗari biyu, kowanne da tambari iri ɗaya, hannu kuwa ba ya maimaita abu sak sau ɗari. Daga nan ƙanena ya ɗauri aniyar haɗa injin da zai ƙona zane a jikin fata da hasken leza.

Ɓangaren motsi bai ba shi wahala ba. Ya ciro sanduna da bel daga tsofaffin firinta, ya samo ƙananan motoci masu tafiya taki-taki, ya ɗora manhajar GRBL mai sarrafa motsin injin a kan ɗan allon lantarki na Arduino Uno, wutar kuma daga akwatin wutar tsohuwar kwamfuta: a haɗa koriyar waya da baƙa ya tashi, rawayar waya ta ba da volt 12. Abin da ya saya da kuɗi mai ciwo shi ne diyod ɗin lezar, wato ƴar na'urar da ke samar da hasken, wadda wani ɗan kasuwa mai zuwa Sin ya taho masa da ita. Shuɗiya ce, mai tsawon zango nanomita 445, irin waɗanda suka yawaita a hannun masu ƙere-ƙere tun 2010, lokacin da kamfanin Casio ya fitar da furojekta masu jerin irin waɗannan diyod a cikinsu, mutane suka riƙa ɓalle su suna sayarwa ɗaya-ɗaya.

Mutuwar ta farko

Diyod ɗin ƙarama ce ƙwarai. Faɗin gwangwaninta milimita 5.6, bai kai ƙwayar wake ba, ɗan abin da ke fitar da hasken a ciki kuwa ko ƙwayar gero ta fi shi. Ana danna ta ne cikin wani bututun tagulla mai faɗin milimita 12 da tsawon kusan 30, mai ɗan gilashin tattara haske a baki. Ƙanena yana ba ta kimanin amfa 1.8 a volt 4.7, wato wat 8 da rabi ke shiga. Abin da ke fita a matsayin haske bai wuce wat 2 ba. Sauran wat 6 da rabi zafi ne tsantsa, kuma duk a cikin wannan ɗan ɗigon yake haifuwa.

Wat 6 ba wani abu ba ne a kunnen mai gyaran kwamfuta, shi ya sa bai damu ba. Amma bututun tagulla mai nauyin giram goma sha wani abu, in ana zuba masa wannan zafi ba tare da mafita ba, kusan digiri ɗaya yake hawa a kowane sakan. Daga 40 zuwa 70 rabin minti ya isa. Muddin yana gwaji ne da ɗan layi ko harafi ɗaya yana kashewa, komai lafiya. Ranar da ya ba injin tambari cikakke na minti huɗu, kafin a kai rabi hasken ya dushe ya koma kamar na tocilan da batir ya ƙare. Ta farko ke nan, kuma ita babu wani abin bincike a kanta, shi ma ya amsa laifinsa.

Abin da ya yi bayan nan shi ne abin da kowane mai hankali zai yi a wurinsa. Ya waiwaya bayan shago, inda ƙarafan sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, suke jibge, waɗanda yaran gyara ke ce wa radiyate. Ya zaɓi zagayayyen nan na Intel mai haƙarƙarin alminiyam da suka bazu kamar hasken rana, da fanka a kai, wanda ake ɗora wa Pentium 4 a mazaunin LGA 775 da ya fito a 2004. Waɗannan furosesa sun yi suna wajen zafi, daga wat 84 har zuwa 115. Lissafinsa shi ne, ƙarfen da ya iya da wat 84, me wat 6 za ta yi masa? Kuma lissafin daidai ne. Ƙarfen da ke riƙe wat 84 ba tare da ya ɗara iskar ɗaki da fiye da digiri talatin da wani abu ba, wat 6 da rabi digiri biyu ko uku kawai za ta ɗaga shi. Ga shi kyauta, in ma saye ne a Katako da kilo ake auna shi, domin abokan takararka a wurin masu zubin tukwane ne, waɗanda ba ruwansu da haƙarƙari, narkarwa za su yi.

Duk da haka ta biyun ta yi kwana tara ta bi ƴar uwarta.

Abin da na tarar

Da na isa na ce kada ya kwance komai. Na juya kan injin na duba, abubuwa uku suka bayyana tun kafin in ɗauko mita.

Ya huda tsakiyar radiyaten da bakin huji mai milimita 13, domin shi ne yake da shi, bututun kuwa 12 ne. Da ya ga yana lilo a cikin ramin, sai ya naɗe shi da baƙin salatif na masu haɗa waya har ya cika tam. A ido aiki ne mai tsabta. Sai dai zafi ba ya tafiya da kyan gani. A ma'aunin da ake gwada saurin ratsawar zafi, jan ƙarfe yana wajen 400, alminiyam ya ɗan haura 200, tagulla ɗari da ƴan kai, robar salatif kuwa wajen 0.2, iskar da ta maƙale tsakanin naɗi da naɗi kuma 0.026. Wato ya ɗauki diyod mai neman mafita ya sa mata rigar sanyi, sannan ya zaunar da ita a tsakiyar ƙarfe. Rabin milimita na roba kaɗai, a faɗin jikin wannan bututu, ya isa ya riƙe bambancin kusan digiri goma sha biyar tsakanin ciki da waje.

Na biyun ya fi wannan muni, kuma shi ne wanda ban taɓa tunaninsa ba sai da na gani. Bututun nan gida biyu ne da ake murɗawa su haɗu. Gaban shi ne ƙarfe mai kauri inda diyod take zaune, bayan kuwa kwanso ne siriri, fanko, an yi shi ne don rufe wayoyi. Ƙanena yana son yatsunsa su riƙa kai wa ga gilashin don daidaita tsinin haske, sai ya cusa bayan cikin ramin ya bar gaban a waje. Ashe duk wannan ƙaton ƙarfe da fankarsa kwanson banza suke sanyayawa. Zafin sai ya bi ta zaren murɗi, ya ratsa siririn kwanso, ya ratsa salatif, kafin ya ga alminiyam.

Na ce masa, "Ka ga dalilin da ya sa ka ji shi da sanyi? Ba abin da ya iso gare shi."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, mi zai tabbatar muna? Kada mu sa ta ukku ita ma ta tafi."

Tambaya ce mai kyau, domin ta ukun ita ce ta ƙarshe a hannunsa, kuma kuɗin baduku ne a ciki. Dabarar da muka yi ita ce amfani da gawar. Diyod ɗin leza da zafi ya lalata sau da yawa ba ta yankewa, tana ci gaba da jan wuta tana ba da ɗan haske dishi-dishi, kusan duk abin da ta ci yana komawa zafi. Ta zama murhun gwaji ke nan mai girman ta gaske, a mazaunin ta gaske. Muka saita wutar yadda za ta ba da kimanin wat 6 da rabi, muka manna wayar auna zafi ta mitata a gaban bututun. Iskar shagon a ƙarƙashin kwano tana 44. Bayan minti uku haƙarƙarin radiyaten yana 45, gaban bututun kuwa ya haura 80 yana ci gaba da hawa. Na kama yatsansa na kai kusa, bai bari ya taɓa ba.

Abu na ukun yana cikin wayoyin. Yana ba diyod ɗin wuta ne ta ɗan allon rage volt mai LM2596, ya murɗa shi har mita ta nuna amfa 1.8 ya bar shi a haka. Wannan allo volt yake tsarewa, ba amfa ba. Diyod kuwa halinta ne in ta ɗumama sai volt ɗin da take buƙata ya ragu, don haka a volt ɗaya tak sai ta ƙara jan amfa, ƙarin amfa ya ƙara zafi, zafin ya sake ƙara ja. Kamar mai ƙishirwa ne da ke shan ruwan kanwa. Amfa 1.8 ɗin da ya auna tana sanyi ba ita ce take sha ba bayan minti biyar. Ruwa ba ya tsami banza: salatif, kwanso da wannan allo, su uku suka taru a kanta.

Gyaran

Ƙanena ya so mu ci gaba da zagayayyen, a ciko ramin da farin man da ake shafa wa furosesa. Da zai fi salatif nesa ba kusa ba, amma ban yarda ba. Aikin man nan shi ne cike ƴan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarfe biyu da suka riga suka manne, ba cike gibi ba. Shi kansa ba ya kai ko kashi biyu cikin ɗari na alminiyam wajen wuce da zafi, in mai arha ne, kuma a zafin Yamai yana bushewa ya tsattsage, ko ya tsiyaye ya nufi gilashi tun da kan injin ƙasa yake kallo.

Muka ɗauki bututun muka shiga Katako wurin wani dattijo mai injin sassaƙar ƙarfe. Na nuna masa radiyaten da aka huda na tambaye shi ko akwai yadda za a matse ramin. Ya juya shi sau biyu ya miƙo mini. "Ɗana, rami ba a yi mashi riga. In ya yi faɗi, sai a sake wani." Shi ne ya ba da shawarar da muka bi, kuma ta fi wadda na zo da ita. Maimakon huda radiyate, a yanko ɗan dunƙulen alminiyam mai kusurwa huɗu, a huda shi da ƙaramin baki, a ƙarasa ramin a kan injin har ya zama milimita 12 cif, sannan a tsaga gefe ɗaya da zarto a sa sukuru mai matse tsagar. In an ɗaure, dunƙulen yana rungume bututun ta kowane gefe, in an sassauta kuma ya fito ba tare da duka ba. Wannan ya fi sukurun da ke tokare bututu ta gefe guda, wanda ke tura shi ya jingina da bango ɗaya ya bar iska a sauran.

Dunƙulen kuma sai a ɗaure shi a gindin radiyate, daidai inda furosesa take zama, wurin da aka riga aka ƙera don karɓar zafi. Don haka muka koma ga wani mai kusurwa huɗu na AMD, alminiyam zalla, mai shimfiɗaɗɗen gindi mai kauri da za a iya yi wa ramukan sukuru. Akwai wasu a tarin masu bututan jan ƙarfe da suka lanƙwasa suka shige cikin haƙarƙari, ƙanena ya ɗauko ɗaya don ya fi kyan gani, na ce ya mayar. Waɗannan bututan ba ƙarfe ne tsantsa ba, ɗan ruwa ne a ciki a rufe, an zuƙe iskar, yana tururi a gefen zafi ya koma ruwa a gefen sanyi. Bakin huji ya taɓa shi sau ɗaya, ya tashi daga aiki har abada.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne wanda ba a gani. Muka shimfiɗa takardar gogewa mai laushi a kan gilashin taga, muka jiƙa ta, muka riƙa goga fuskar dunƙulen har zanen zarto ya ɓace ta kwanta sumul. Man da muka shafa bai kai ƙwayar shinkafa ba, a gindi da kuma jikin bututun. Muka cire kwanson baya gaba ɗaya muka jefar, muka tura gaban cikin dunƙulen har ya nutse, bakin gilashin kaɗai ya leƙo.

Sannan muka mayar da gawar muka maimaita gwajin, a shago ɗaya, a zafin la'asar iri ɗaya. Minti goma, ashirin, rabin awa: bututun ya tsaya a wajen 50, haƙarƙarin yana 47. Ƙanena ya dafa radiyaten ya ce yanzu kam ya ji ɗumi. Na ce ɗumin nan shi muke nema tun safe.

Ga wutar kuma muka koma tsohuwar hanya, ɗan abin daidaita wuta mai suna LM317 da rezisto ɗaya. In aka haɗa shi a matsayin mai tsare amfa, lissafinsa ba wuya: 1.25 a raba da ƙimar rezisto. Da om ɗaya, amfa 1.25 zai bayar, ko diyod ta yi zafi ko ta yi sanyi. Na zaɓi wannan adadi da gangan, ƙasa da abin da yake ba ta a da. Hasken ya ragu zuwa wajen wat ɗaya da rabi, zafin ya sauko kusa da wat 4. Fata ba ta buƙatar fiye da haka, sai dai injin ya ɗan rage sauri.

Sai dai LM317 yana da nasa haraji. Daga volt 12, diyod ta ɗauki kimanin 4.5, rezisto ya ɗauki 1.25, sauran 6 da ɗoriya shi ke shanye su, a amfa 1.25 kuwa wannan kusan wat 8 ne. Wato mai gadin ya fi wanda ake gadi zafi. A nan zagayayyen radiyaten da aka ɓata ya sami aiki, muka ɗaure shi a gefen ramin inda ƙarfe ya saura. Dalilin da ya hana mu haɗa su a ƙarfe ɗaya biyu ne. Ba ma son zafinsa ya koma kan diyod, sannan kunnen ƙarfen LM317 ba matacce ba ne, haɗe yake da ƙafar da ke fitar da wuta, duk ƙarfen da aka ɗaure shi a kai ya zama mai rai. Muka ciro ɗan faifan raba wuta daga cikin mataccen akwatin wutar kwamfuta muka sa a tsakani.

Iyakar ƙarfe

Akwai abin da radiyate ba zai taɓa yi ba komai girmansa, kuma wannan ne wurin da masu kallon bidiyon ƴan Turai suke ruɗuwa. Ba ya ƙirƙirar sanyi. Iyakarsa ya kusantar da abu zuwa zafin iskar da ke kewaye da shi. Alƙaluman da masu ƙera diyod ke rubutawa, na ƙarfin haske da tsawon rai, a digiri 25 ake auna su. Wanda ke aiki a ɗaki mai digiri 20 yana da rarar da zai yi sakaci da ita. Mu a Afrilu da Mayu daga 44 muke farawa a ƙarƙashin kwano, kafin a kunna komai. Masu sana'ar lantarki suna da ƙiyasin da suke aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri goma yana raba ran irin waɗannan kaya gida biyu. Ko da ba a ɗauke shi kamar aya ba, ya isa ya nuna cewa diyod mai zama a 50 tsufa take yi da sauri fiye da mai zama a 35.

Ƙanena ya ce to a sa faifan Peltier, wanda ke sanyi a fuska ɗaya yana zafi a ɗayar. Ya samo TEC1-12706, mai milimita 40 a kowane gefe, daga wata lalatacciyar na'urar sanyaya ruwan sha. Na faɗa masa ra'ayina, amma injinsa ne, ya gwada bayan wata huɗu, cikin damina. Faifan yana jan amfa huɗu zuwa biyar a volt 12, sama da wat 50, don ya kwashe wat 4. Duk wannan yana sauka ne a kan radiyaten, wanda yanzu ya koma ɗaukar kaya irin na furosesa ta gaske. Sanyi kam ya samu, dunƙulen ya sauka ƙasa da 20. Amma a watan Agusta iskar Yamai jiƙe take, duk ƙarfen da ya sauka ƙasa da digiri ashirin da ƴan kai sai ya yi gumi kamar kwalbar lemo. Ya ga ɗigon ruwa yana taruwa a gefen wayoyin diyod, gilashin ya yi hazo, zanen ya fito a dusashe. Ya kashe da sauri ya cire faifan. Da a watan Maris ne, da iska take a bushe ƙayau, ba zai ga gumi ba. Amma ko a lokacin akwai matsalar ɗaukewar wuta, domin batirin da yake riƙe injin har ya ƙarasa zane ba zai jure ƙarin wat 50 ba, zanen da ya tsaya a rabi kuwa fatar ta tafi.

Maganin da ya zauna a kai ba na kanti ba ne. A bazara yana kunna injin daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, sai kuma bayan isha. Ya sa silin na tabarma a ƙarƙashin kwanon. Muka kuma ɗaure ɗan makunnin zafi mai yankewa a digiri 55 a jikin dunƙulen, a kan layin wutar diyod, saboda ranar da fanka za ta tsaya ba wanda ya lura. Fankokin nan sun haura shekara goma sha biyar, ba abin dogaro ba ne.

Wasu matsalolin sai da aiki ya yi nisa suka fito. Radiyate da fanka da dunƙule sun yi wa ƙananan motocin firinta nauyi, kan yana rawa a kwana, haruffa suna fitowa da inuwa. Bai rage ƙarfen ba, sai ya kafe kan a wuri ɗaya ya sa teburin da fata ke kai shi ke motsi, tun da maƙalin mabuɗi ba shi da nauyi. Hayaƙin fata kuma maiƙo gare shi. Da farko fankar tana zuƙo shi tana cusawa cikin haƙarƙari, da hunturu ya zo ƙura ta haɗu da maiƙon ta zama kamar bargo. Yanzu akwai fanka ta biyu da ke jan hayaƙin ta tiyo zuwa waje, ta radiyaten kuma daga sama take shan iska, kuma duk Juma'a yaron shago yana bin haƙarƙarin da tsohon buroshin haƙori. A hunturun ma dai, lokacin da riga ke tartsatsi in an cire ta, ba ya taɓa ƙafafun diyod sai ya fara dafa ƙarfen tebur, domin wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe ta ba tare da zafi ba.

Inda na fi tsananta masa shi ne ido. Duk lezar da ta haura rabin wat tana aji na huɗu, mafi haɗari, tasa kuwa ta ninka haka sau uku. Ba sai ta haska ido kai tsaye ba, wanda ya dawo daga ƙarfe mai sheƙi ma yana ƙona bayan ido kafin mutum ya ƙifta, ga radiyate da dunƙulen da muka goge suna sheƙi a gefenta. Baƙin tabarau na rana ba ya tare komai. Sai da ya sayi jan tabarau wanda aka yi don shuɗin haske, ya kuma rufe injin cikin akwatin katako mai murfi, saboda shago ne da yara masu koyon aiki da almajirai ke leƙowa. Wani maƙerin azurfa ya zo yana son a rubuta suna a bayan kuros ɗin Agadas, ƙanena ya ba shi haƙuri: hasken ba zai ci azurfa ba, dawowa kawai zai yi. Haka ya mayar da wata oda ta jakunkunan fatar roba, domin da yawansu robar PVC ce, in ya ƙone yana fitar da iska mai cin huhu da ƙarfe. Fatar da majemanmu ke jemawa da bagaruwa ita ce ta dace da wannan aiki, tana ƙonewa ta ba da ruwan ƙasa mai duhu, layin ya fito tsaf.

Diyod ta uku ta shiga bazararta ta biyu. Makunnin zafin ya yanke sau biyu, duka a watan Mayu, ɗaya ranar da ya matsa wa injin har ƙarfe ɗaya na rana saboda oda ta gaggawa, ɗayan kuma da igiyar buhu ta naɗe fanka. Hasken ya ɗan ragu, ya ce tambarin da yake gamawa a minti biyar yanzu sai ya ba shi shida. Ya riga ya aika a taho masa da wata, wannan karon da bututun jan ƙarfe maimakon tagulla, ya kuma koma wurin dattijon Katako da guntun alminiyam a yi masa dunƙule na biyu. Dattijon ya karɓa ya auna, ya tambaye shi ko har yanzu yana da sauran baƙin salatif ɗin nan, yana so ya ɗaure wayar rediyonsa.